Littafin Malam Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nan ku.

Ta zo mu ji ta.

A zamanin da dabbobi suka shiga boko, an yi wata makarantar sakandare a Gyadi-Gyadi, cikin wani lungu tsakanin titin Zariya da titin gidan Zoo. Malamin Lissafi a makarantar shi ne Malam Kunkuru, tsoho ne tukuf, ba wanda ya san shekarunsa. Yana da wani dogon littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa cikin ƙoƙon bayansa. Da shi yake zuwa aji, da shi yake zuwa masallaci, da shi yake kwana.

Ranar da sababbin 'yan aji huɗu suka fara zama a gabansa, bai rubuta komai a allo ba. Ya zaro littafin ya ɗora a kan tebur, ya ce, "Ku saurara, 'ya'yana. Sakamakon da za ku fita da shi daga makarantar nan buhu ne mai cin mudu goma. Mudu bakwai a ɗakin jarrabawa za ku auno su, a gaban mai sa ido wanda bai san uban kowa ba. Mudu uku kuwa daga yau za a fara tara su, da gwaji, da jinga, da jarrabawar ƙarshen zango, har shekara uku. Shi ne si-e da kuke jin yayyenku suna faɗa. Maki 30 na aji, 70 na jarrabawa. Haka WAEC take lissafi, haka NECO take yi."

Ɗan Kurege, wanda ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa a ajin, ya ɗaga hannu. "Malam, to in mutum ya cinye saba'in ɗin nan duka, ai ya haye."

"Ya haye, ɗana, amma a B2 zai tsaya, don A1 daga maki 75 take farawa. Kuma tunda nake koyarwa ban ga wanda ya cinye ta duka ba. Ku riƙe lamba ɗaya a ranku: 50. Daga nan C6 take farawa, ita ce ƙaramar kiredit. Abin da ya gaza haka D7 ne, ko E8, ko F9. Jami'a kuwa kiredit biyar take nema, har da Turanci, a yawancin fannoni kuma har da Lissafi, ko nawa mutum ya ci a JAMB."

A can bencin baya akwai 'yar Bushiya. Ba ta da saurin ganewa, sai an maimaita mata abu sau biyu ko uku, amma ba ta taɓa fashin gwaji ba, jingarta kuma kullum tana kan tebur kafin a buga ƙararrawa. Kusa da taga kuma ɗan Gizo ne, wanda yakan shigo a kira suna, ya sulale ta tagar, sai gobe.

Ajin ya cika har ana zama a ƙasa. Duk gwajin da Malam Kunkuru ya yi, tarin takardu yake komawa da su gida, ya zauna a tabarma bayan sallar isha'i, in babu wuta ya kunna fitilar waya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Wani lokaci sai asalatu yake kai ƙarshe. Ba a biyansa ko sisi a kan wannan aikin dare, kuma ba mai zuwa ya duba ko ya yi. Wannan shi ne ɓangaren karatun da iyaye ba sa gani.

Aka ci shekara guda, aka shiga ta biyu. Wata rana da la'asar sai ga Gizo a ƙofar gidan Malam Kunkuru, ɗan dako na biye da shi da rabin buhun shinkafa.

"Malam, yanka ya daɗe," in ji Gizo da tsamin bakinsa. "Ga ɗan abin miya. Yayon nan nawa, a ɗan gyaya masa layinsa a littafi. Wa zai sani?"

Malam Kunkuru ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, sannan ya buɗe littafin ya nuna masa. Layin ɗan Gizo fili ne fetal, sai lamba biyu ko uku a warwatse.

Gizo ya ɓata rai. "Wai ma wa ya ƙiƙiyo wannan wahala? A da ai jayabawa ɗaya ake yi a gama."

"Na koyar a wancan zamanin, baban yaro," in ji Kunkuru. "Shekara biyar ake yi a sakandare, a rataya su duka a wuyan 'yan makonnin jarrabawar WAEC, wadda aka kafa tun 1952. Na ga yarinyar da ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba, ƙyanda ta kwantar da ita a makon jarrabawa, shekara biyar ta bi ruwa. Don irinta aka shigo da makin aji, lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982. 'Yan farko da suka rubuta sabuwar jarrabawar babbar sakandare sun yi ne a 1988. Da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa NECO a 1999, ta fara jarrabawa a 2000, ita ma a kan wannan turba ta tafi. Gata aka yi wa yara. Ka turo mini shi kullum bayan la'asar, in koya masa kyauta. Da sauran lokaci, zai iya tara abin da zai tara."

Gizo ya ce shi ba darasi ya zo saye ba. Malam Kunkuru ya mayar da littafin cikin ƙoƙonsa, ya janye kai, ya janye ƙafafu. Gizo ya ƙwanƙwasa ta sama, ya leƙa ta ƙasa, ya zaga ta baya, bai sami ƙofa ba. Ya sa aka kinkimi shinkafarsa suka tafi.

A ƙarshen aji biyar aka yi kwalifayin, jarrabawar nan da gwamnatin Kano take tace ɗaliban makarantunta da ita kafin ta biya musu kuɗin NECO. Ɗan Kurege ya ci, 'yar Bushiya ta haye da ƙyar, ɗan Gizo ya faɗi warwas. Ƙoƙi, matar Gizo, ta ce, "Maigida, ka bar yaron nan ya maimaita aji, ka kai shi wajen Malam kamar yadda ya ce." Gizo ya ce ta yi masa shiru, ya san inda ake gyara irin wannan. Ya ja hannun ɗansa suka tsallaka titin Zariya zuwa Tarauni, makarantar Hajiya Kura.

Makarantar kuɗi ce, bene mai sabon fenti, da ƙaton ƙyalle a bakin ƙofa mai cewa duk wanda ya shigo ya ci. Hajiya Kura ta karɓe su da dariya har kunne. Ta faɗi kuɗin makaranta, ta faɗi kuɗin rajista, sannan ta rage murya ta faɗi na uku, wanda ba a ba da rasit a kansa. Ta kira jami'in jarrabawarta, Malam Hawainiya, ya rubuta sunan yaron. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma ba kowa ne ya zo makarantar don sayen maki ba. Akwai 'yar Kurciya, wadda mahaifiyarta ke suyar awara a bakin kasuwar Tarauni. Inna Kurciya adashi take zubawa ta biya kuɗin zango, don ta ji an ce makarantar kuɗi ta fi, ita kuma 'yarta aikin jinya take so. Yarinyar ta dage. Malamarsu ta Lissafi, Malama Belbela, matashiya ce da ba ta daɗe da gama karatu ba, tana yin gwaji, tana dubawa da gaske, tana miƙa wa Malam Hawainiya jerin maki a ƙarshen kowane zango. A jerin nata 'yar Kurciya tana da 26 cikin 30, ita ce kan gaba. Shi kuwa Hawainiya sai ya karɓa ya ce madalla, ya tura ƙarƙashin tebur. Takardun gwajin ma wajen masu ƙosai suke ƙarewa.

Da wa'adin tura makin aji ya zo, dare ɗaya Malam Hawainiya ya yi a wani kafe, ya cike aikin shekara uku. Wanda ya biya kuɗi na uku, 30. Wanda iyayensa suka yi alkawari, 29. Sauran duka 28, don kada makaranta ta ji kunya. Malama Belbela ta gani, ta shiga ofis tana rawar murya.

"Hajiya, wannan ba makin da na bayar ba ne."

"Na rage wa wani ne?" in ji Kura. "Ita 'yar gaban goshin taki 26 kika ba ta, mun ba ta 28. Ƙari muka yi mata. Albashinki kuma daga ina kike jin yake fitowa?"

Malama Belbela ta fito ba ta ƙara cewa komai ba. Tana bin makarantar albashin wata uku, ga ƙanne a gida. Ni dai ban ɗora mata laifi kamar yadda na ɗora wa masu ofis ba, amma shirun nata ya yi tsada, kuma ba ita ta biya ba.

A Gyadi-Gyadi kuwa, ɗan Kurege ya fara ɓacewa daga aji. Ba yawon banza yake ba. Mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya ɗauke shi koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre, abin da ya samo da shi ake ɗora tukunya. Gwaji ya wuce shi, wani ya sake wucewa. Ran nan Malam Kunkuru ya tashi daga makaranta ya kama hanya da ƙafa. Ya bar Gyadi-Gyadi da azahar, bai isa rumfar ba sai da ake kiran magariba.

"Ɗana, ban zo in raba ka da sana'a ba. Ka zo mini ranar Asabar da safe, in yi maka gwajinka kai kaɗai. Sa'a ɗaya ce."

Ɗan Kurege ya durƙusa ya gaishe shi, ya sayo masa ruwa mai sanyi, ya ce, "Malam, Asabar ce ranar ciniki. Kada ka damu, a ɗakin jarrabawa zan rama."

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji tsohon. Ya jira shi Asabar uku, tabarma a shimfiɗe, bai zo ba. Da lokaci ya yi ya rubuta abin da ke littafi: ɗan Kurege 5, 'yar Bushiya 24.

Damina ta sauka, NECO ta zo. A daren da za a wayi gari a rubuta Lissafi, ciwo ya kayar da Inna Bushiya, aka garzaya da ita Asibitin Malam Aminu Kano. 'Yarta ce ta kwana a tsaye a kanta. Da safe ta taho makaranta cikin ruwan sama, ba barci, ba karin kumallo, lambobi suna rawa a idonta. Ta yi abin da ta iya ta fito tana kuka. A makarantar Hajiya Kura kuma an yi wa yara alkawarin taimako a ɗakin jarrabawa, sai aka turo Mikiya sa ido. Ta ƙi shayi, ta ƙi ambulan, ta hau kan tebur tana kallon ɗaki daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗan Gizo ya zauna yana tauna biro har aka ce a ajiye.

Takardu suka tafi, aka duba su, maki suka taru a Minna. A can akwai Zalɓe, tsohon ma'aikaci mai haɗa makin aji da na jarrabawa, da mataimakiyarsa Tsattsewa. Aikinsa ba tarawa kawai ba ne. Kowace makaranta sai ya ajiye jerin biyu gefe da gefe, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dubawa.

Ya ɗauki na Malam Kunkuru. Waɗanda ke sama a aji su ne a sama a jarrabawa, na ƙasa suna ƙasa, sai ɗaiɗaiku da suka saɓa, kamar yadda ake samu a kowane aji na gaskiya. Ya ce, "Wannan littafi ya san yaransa." Ya bar shi yadda yake.

Ya ɗauki na Hajiya Kura. Kowa 28, 29, 30. A jarrabawa kuwa yawancinsu ba su kai 20 cikin 70 ba. Ya ce, "Cikin biyun nan ɗaya ƙarya take, ta ɗakin jarrabawa kuwa a gaban idonmu aka yi ta." Ya ja makin ajin makarantar gaba ɗaya ya sauko da shi daidai da abin da yaranta suka nuna. Mai 30 ya koma 9, mai 29 ya koma 8, mai 28 ya koma 7.

Tsattsewa ta sa baki a kan wani layi. "Ranka ya daɗe, wannan fa? Ta ci 41 cikin 70, ita kaɗai a makarantar. Wannan ba ta yi kama da mai 7 ba."

Zalɓe ya daɗe yana kallon layin. "Na gan ta. Da sun rubuta gaskiya, da littafinsu ya nuna ta yi wa sauran nisa, da ta tsira da rabonta. To sun sa ta a ƙasan wanda ya ci 11. Ban san ta ba, ban taɓa ganin jingarta ba. Wanda ya gani shi ya ɓoye."

Tsattsewa takan yi rabin shekara a Turai, ta san labarin can. Ta ce a Faransa, tun gyaran da ya fara aiki a 2021, kashi 40 aka ware wa aikin aji a jarrabawar gama sakandare. Ta ce a Ingila a 2020, da cutar korona ta hana jarrabawa, malamai suka ba da maki, aka sa wani lissafi ya daidaita su bisa tarihin kowace makaranta, ya danne yara masu ƙoƙari da ke makarantu marasa ƙarfi, har suka fito kan titi, aka janye lissafin aka koma ga makin malamai.

"Kin ga ke nan," in ji Zalɓe, "duk inda aka je, maganar tana komawa hannun mai riƙe da littafi."

Sakamako ya fito bayan damina ta ja baya. Yara suka yi cincirindo a kafe-kafe. 'Yar Bushiya ta ƙi duba allon kwamfuta, sai da mai kafe ya karanta mata: Lissafi C6. Ta ci 29 a jarrabawa, 24 ɗinta na aji ya kai ta 53. Ta zauna a ƙasa tana hamdala. Ɗan Kurege ya ci 44, ya fi kowa a ajinsu, aka ɗora 5, ya tsaya a 49, D7. Ɗan Gizo 11 da 9, F9. 'Yar Kurciya 41 da 7, 48, D7. Da makinta na gaskiya aka tura, 67 za ta samu, B3.

Ɗan Kurege ya zo gidan Malam Kunkuru da dare. Bai zauna ba. "Maki ɗaya, Malam. Da ka sa mini 6."

Tsohon ya yi shiru har yaron ya ɗauka ba zai amsa ba. Sannan ya ce, "Na kwana ina kallon layinka kafin in tura. Da na ba ka abin da ba ka yi ba, gobe in ba wani, jibi wani, da ranar da za a daina yarda da littafin nan ta zo. Ranar kuwa ba kai za ka biya ba, irin su 'yar Bushiya ne za su biya. Ka yi haƙuri, ɗana. Akwai jarrabawar Nuwamba da Disamba, ta masu zaman kansu. A can babu makin aji, takardarka ce kaɗai. Ka zo mu shirya."

Gizo kuwa bai yi shiru ba. Ya bi gida-gida yana cewa an cuce shi, ya biya kuɗin 30 an ba ɗansa F9, kuma duk sharrin Kunkuru ne da ya ƙi gyara tun farko. Magana ta kai gaban Mai Unguwa Giwa, ya tara kowa a ƙofar gidansa. Malam Kunkuru ya buɗe littafinsa, shafi bayan shafi, kowane maki da kwanan watansa. Aka ce Hajiya Kura ta kawo nata. Ta ce ai wannan aikin jami'in jarrabawa ne. Aka waiga neman Malam Hawainiya, ashe ya jingina da katanga ya rikiɗe ya zama launinta, aka neme shi aka rasa.

Sai Inna Kurciya ta taso da buhu a ka, ta zazzage shi a gaban Giwa. Littattafan 'yarta ne na shekara uku, kowane shafi da jan biro.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. A duba mini, wannan aikin na mai maki bakwai ne?"

Malama Belbela ta miƙe daga cikin taro, ta ce rubutunta ne, 26 ta bayar, ta kuma faɗi abin da ya faru a ofis. Ta san ta bar aikinta ke nan. Giwa ya juya ga Gizo ya ce ya maimaita wa jama'a kuɗin me ya ce ya biya. Nan Gizo ya gane da bakinsa ya kama kansa. Ya saki zare ya haye saman soron Mai Unguwa ya maƙale a kusurwa, har yau can ake ganin jikokinsa.

Giwa ya yi wa Kura faɗa, ya ce zai kai maganar gaba. Amma sakamakon da ya fito ya fito, ba a ƙofar gidan mai unguwa ake sauya shi ba.

Ɗan Kurege ya tara kuɗin gyaran waya ya yi rajistar ta ƙarshen shekara, ya riƙa zuwa wajen Malam Kunkuru bayan asuba kafin ya tafi kasuwa. Ya ci Lissafi da B3, amma shekara guda ta wuce shi. 'Yar Bushiya ta shiga makarantar Sa'adatu Rimi, tana koyon aikin malanta. 'Yar Kurciya tana bakin kasuwar Tarauni tana juya awara tare da mahaifiyarta, suna jiran kwasar adashi ta zagayo su sake biyan kuɗin jarrabawa. Hajiya Kura ta sake fenti, ta sauya ƙyallen bakin ƙofa, an ce har ta buɗe sabon aji.

Kai mai ɗa ko 'ya a aji huɗu, kada ka jira aji shida. Ka je makarantar a zangon nan, ka nemi malamin, ka ce a buɗe maka littafin maki, ka kuma ce a nuna maka takardar gwajin da aka ɗauko makin daga cikinta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.